Ban iya ruwa ba, ko zan iya shiga kallon murjani a Zanzibar?

“Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin lafiya ne a nan Damagaram. A watan Nuwamba za a tura ni taron ƙara wa juna sani a Zanzibar, kuma na yi niyyar tafiya da maiɗakina. A cikin tsarin da aka aiko mana akwai rana guda da aka ware don fita teku a kwalekwale, wai a sa tabarau, a sa bututu a baki, a kalli kifaye da murjani. Ni da ita babu wanda ya iya ruwa, ko teku ba mu taɓa gani ba. Ita ɗoki take yi, ni kuwa gabana faɗuwa yake. An ce ka yi wannan aikin a can. Don Allah mu shiga ko mu zauna a otel? In za mu shiga, me za mu kula da shi? Sannan yaya maganar sutura gare ta?”

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. In na fahimce ka, abin da kake son ji shi ne ko mutumin tudu irinmu, wanda bai taɓa sakin jikinsa a kan ruwa ba, zai iya kwanciya a saman teku ya fito lafiya, kuma iyalinsa ta yi hakan cikin mutunci. Amsata ita ce e, zai iya, na kuma riƙe hannun mutane da yawa irinku har suka yi. Amma akwai sharaɗin da ba na sassauci a kansa: ka buɗe baki ka gaya wa jagoran cewa ba ku iya ruwa ba, tun kafin ƙafarka ta taka kwalekwale. Duk sauran bayanin da zan yi maka a kan wannan sharaɗin ya tsayu.

Ni ma a Birni na tashi. Ruwan da na sani ina yaro shi ne na tabki da damina, wanda in aka gan ka a ciki bulala ce ke jiranka a gida, kuma iyayenmu suna da gaskiya, don kusan kowace shekara sai an ji tabki ya ci yaro. Iyo na kirki a Yamai na koye shi, a kogin Isa. Daga baya Faransanci ya kai ni Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya, wani kamfani na neman wanda zai riƙa yi wa baƙi masu jin Faransanci bayani a cikin jirgin ruwa. Na yi shekara shida ina fita da mutane, galibi daga gaɓar Matemwe zuwa tsibirin Mnemba. Saboda haka faɗuwar gabanka na san ta, kuma ba abin kunya ba ce.

Mene ne ainihin abin da za ku yi

Ka fara raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Akwai nutso na masu goyon tulun iska a baya, su sauka ƙasa mita goma ko ashirin. Wannan sai an koya, kuma ba shi aka tsara muku ba. Naku shi ne ka kwanta rub da ciki a saman ruwa, bayanka na waje rana na dukansa, fuskarka kaɗai ke cikin ruwa. Tabarau ɗin ya rufe ido da hanci. Bututun, wanda Faransawa ke kira tuba, kana riƙe da shi da haƙora da leɓe, bakinsa na sama yana waje yana kawo maka iska. A ƙafa akan sa wani takalmin roba mai faɗi kamar ƙafar agwagwa. A jiki kuma rigar hana nutsewa, jile.

Bututun gajere ne, bai cika wuce santimita 40 ba, kuma da dalili. Ruwa na da nauyi: duk mita 10 da ka sauka, matsin da ke kan jikinka na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya gaba ɗaya. Ko a zurfin mita guda ƙirjin mutum ba ya iya jawo iska daga sama ta bututu. Dalili na biyu kai ma'aikacin lafiya ka fi ni saninsa. Iskar da ka fitar ba ta ficewa duka, saura na maƙalewa a cikin bututun, ita ce kuma farkon abin da za ka sake shaƙa. In kana numfashi sama-sama da sauri, kusan tsohuwar iskar kake ta juyawa, sai ka ji kamar ana shaƙe ka, sai tsoro ya ƙaru, numfashin ya ƙara gajarta. Maganin abin shi ne numfashi mai tsawo, a hankali, kamar na mai barci. Mutanen can kullum cewa suke “pole pole”, wato sannu-sannu, kuma a wannan aikin babu nasihar da ta fi ta.

Wani abu da zai kwantar maka da hankali: ruwan teku ba irin na tabki ba ne. Kowace lita tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, don haka ya fi ruwan daɗi nauyi, ya fi shi ɗaga mutum. Ka haɗa wannan da jile da aka ɗaure da kyau, ko ka so ka nutse ba za ka iya ba. Mutumin da ke cikin jile ba nutsewa ce ke kawo masa matsala ba, ruɗewa ce.

Murjanin da za ku gani

Kalmar ba baƙuwa ba ce gare mu. Muna karanta ta a Suratur Rahman, inda Allah ya ce lu'ulu'u da murjani na fitowa daga tekuna biyu, kuma iyayenmu mata na da jan murjani a cikin kayan adonsu. Sai dai wancan ja na wuya wani iri ne daban, wanda aka fi cirowa daga tekun Bahar Rum. Wanda za ku gani shi ne mai gina duwatsu a ƙarƙashin ruwa, Waswahili na ce masa matumbawe. Ido zai ce maka dutse ne ko itace, alhali dabba ce. Wasu ƴan mitsi-mitsin halittu ne masu taushi, dubbai a wuri guda, kowace ta gina wa kanta ɗaki da sinadari irin na alli, in ta mutu ƴaƴanta su ɗora nasu a kai. A cikin naman jikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita ke amfani da hasken rana ta samar musu da mafi yawan abincinsu, ita ce kuma ke ba su launi. Shi ya sa murjani ke son ruwa mai ɗumi, mai haske, marar zurfi, abin da ya sa mai kwance a sama ke iya ganinsa sarai.

Ginin nan ba ya sauri. Irin dunƙulallen nan mai kama da tulu, kusan santimita guda yake ƙaruwa a shekara. Wanda ya kai girman rumbu ya girmi kakan kakanka. Wuraren murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku a nan suke samun abinci ko mafaka. In ruwa ya yi zafi fiye da yadda suka saba, ko da digiri guda ne, ya kuma daɗe makonni a haka, sai su kori gansakukar, su yi fari fat kamar ƙashi. In zafin bai sauka ba su mutu. Hakan ya faru sosai a 1998, ya sake faruwa a 2016 da 2024. Za ka ga wurare masu rai da launi, za ka kuma ga wuraren da suka zama kufai, tarkace kawai. Ina gaya maka ne don kada ka zaci hoton talla za ka tarar ko'ina, don kuma ka gane abin da ya sa jagora na kirki ke ɗaure fuska in ya ga wani ya taka murjani.

Amma inda yake da rai, ɗan'uwa, gani ya kori ji. Ranar da na fara sa fuskata a ruwan Mnemba, abin da ya fara kama ni ba launi ba ne, ƙara ce. Wani ƙas-ƙas-ƙas ko'ina, kamar ana suyar gyaɗa a nesa. Ga wani kifi kore da shuɗi, bakinsa sak na aku, yana gatsar dutse yana ɓarzawa, can sai ya saki farin gari ta baya. Wani sashe na farin yashin da baƙi ke kwanciya a kai, daga cikin wannan kifin ya fito. Ga ƙananan kifaye masu ratsin baƙi da rawaya sun kewaye ni har suna kusa taɓa gilashin. Ka sani kuma tabarau na ƙara wa abu girma da kusan sulusi, yana kuma jawo shi kusa, don haka kifin da ka ga kamar ya kai damtse, in an fito da shi bai kai ba. In kun yi sa'a za ku ga kififiyar teku ta taso shan iska.

Inda haɗarin yake

Mutanenmu da zarar an ce teku, babban kifin nan mai cin mutane suke tunawa. A duk duniya waɗanda yake kashewa a shekara ba su cika kaiwa goma ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ruwa na cin mutum kusan 300,000 a shekara. A shekaru shida ban taɓa fitar da wanda kifi ya ciza ba. Waɗanda na jawo zuwa kwalekwale suna haki kuwa, ba zan iya ƙirga su ba, kuma kusan dukansu maza ne da suka ce sun iya.

Akwai wani da ba na mantawa, magidanci ƙaƙƙarfa, daga wata ƙasa maƙwabciyarmu. Na miƙa masa jile ya ture, ya ce shi a bakin kogi aka haife shi. Matarsa da ƴaƴansa na kallo, na ga ba ya son a gan shi cikin rigar da yara suka sa. Na yi kuskure na ƙyale shi. Minti biyar bai cika ba wata ƴar igiyar ruwa ta watsa masa gishiri a bututu. Ya shaƙa, ya ƙware, ya ɗago kai, ƙafafunsa suka yi ƙasa. Ya nemi inda zai taka, babu. Bai yi ihu ba, bai ɗaga hannu ba. Wanda ruwa ke ci ba ya ihu, don numfashin da zai yi ihun da shi ne yake nema. Tsaye kawai yake a cikin ruwa, kai a baya, ido a waje, hannuwa na dannan ruwa. Na tura masa tayar ceto ya rungume, muka ja shi. Daga ranar ban sake barin kowa ya shiga ruwa a hannuna babu jile ba, sai wanda na ga iyonsa da idona.

A makon da abin ya faru kuma na fita da wata dattijuwa wadda ta ce mani tun a gaɓa: “Ɗana, ni ko a baho ban taɓa nutsa kaina ba.” Na ɗaure mata jile, na ba ta taya ta riƙe da hannu biyu, igiyar tayar na hannuna ina ja. Ta yi minti arba'in tana kallo, ta ɗago tana tasbihi. Bambancinta da wancan magidancin, ita ta faɗi gaskiya.

Bayan ruɗewa sai jan ruwa. Teku ba ta tsaye wuri guda. Sau biyu a cikin dare da yini take cika, sau biyu take janyewa, kuma lokacin na jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. A gaɓar gabashin Zanzibar bambancin cika da janyewa na iya kaiwa wajen mita huɗu, har ka ga inda jirgi ke yawo da safe ya zama filin da mata ke tafiya a ƙafa da rana. Mu da ke lissafi da wata muna da sauƙin gane wannan: ruwa ya fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen daren sha huɗu, Waswahili na kiran lokacin bamvua. A kwanakin bakwai da na ashirin da biyu ga wata ya fi laushi. Ka duba ranar da aka sa muku ta faɗo nawa ga wata. In ta faɗo a bamvua ba a fasa ba, amma sai ka ƙara matsa wa jagora da tambayar ƙarfe nawa ruwa zai kwanta. Ƙa'ida kuma ita ce, in ka ji ruwa na tafiya da kai, kada ka yi kokawa da shi. Ka kwanta, ka ɗaga hannu guda kana kaɗawa, kwalekwale ya zo ya ɗauke ka. A wurinmu kaɗa hannu sama na nufin a zo a taimaka, ɗora hannu a ka na nufin lafiya lau. Kada ka kaɗa hannu don gaisuwa.

Na uku shi ne jiragen kansu. A Mnemba, lokacin da baƙi suka yi yawa, za ka ƙirga kwalekwale masu inji da dama a wuri guda, kuma mai kwance a ruwa kansa kaɗai ake hangowa. Farfelar inji ta fi kowane kifi ban tsoro. Kada ka rabu da ayari, kada ka kusanci bayan jirgi ko da injin a kashe yake, sai matuƙi ya ce ka zo.

Halittun da ke cutarwa kusan duka sai ka taɓa su ko ka taka su. Akwai wata baƙar aba mai dogayen ƙayoyi, ni bushiyar teku nake ce mata, ƙayarta na karyewa a cikin tafin ƙafa. Akwai kifin dutse, wanda ba ka bambanta shi da dutsen da yake kwance a kai, dafinsa kuwa mai tsanani ne: taimakon farko shi ne a tsoma wurin a ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure, a garzaya asibiti. Akwai murjanin wuta mai ƙuna kamar an ɗiga maka barkono a ciwo. Akwai dodon koɗi mai siffar mazurari da kyakkyawan zane, wanda mata ke sha'awar tsinta, shi ma yana harbi. Doka guda ta isar maka a kan dukansu: hannu a naɗe a ƙirji ko a kan taya, ƙafa kuma ba ta taka komai sai yashi fari da ka gani da idonka.

Maganar lafiyar jiki kuwa, a nan iyakata take, don ni ba likita ba ne, kai ne ma za ka ƙara mani. Abin da aiki ya koya mani shi ne in tambayi kowa game da ciwon zuciya, hawan jini, asma, farfaɗiya da ciwon suga. Ga mutanenmu ina ƙarawa da sikila, saboda sanyin ruwa, gajiya da ƙishirwa duk suna iya tayar da ita. Wani bincike da aka yi a tsibiran Hawai na Amurka ya ja hankali a kan wata matsala da ruwa ke taruwa a huhun mai numfashi ta bututu ba tare da ya shaƙi ruwan teku ba, musamman ga masu matsalar zuciya, kuma masu binciken sun ba da shawarar a ɗan huta kwanaki bayan doguwar tafiyar jirgin sama kafin a shiga. Alamarta numfashi ya yi ta ƙaranci, jiki ya mutu, ƙarfi ya ƙare ba dalili. Wanda ya ji haka ya cire bututu, ya juya rigingine, ya nemi a fitar da shi nan take. In maiɗakinka na da juna biyu, ko ɗayanku na shan magani kullum, ku ga likitanku tun a nan. Kuma kada wani ya koya maka jan numfashi da sauri sau da yawa don ka daɗe a ƙarƙashin ruwa. Mutane na suma a haka ba tare da wani gargaɗi ba. Ku da ma ba nutso za ku yi ba.

Shirin da za ku fara tun daga Damagaram

Kada ka ce za ka je tabki ka gwada. Tabkunanmu akwai laka mai riƙe ƙafa, akwai ramukan da masu bulo suka haƙa, akwai tsargiya. Daro ya ishe ku. Ka cika babban daro da ruwa, ka ɗora a kan kujera, ka toshe hanci da yatsu, ka sa guntun tiyo mai tsabta a baki, ka nutsa fuska. Burinka ka yi minti biyu kana numfashi ta baki kaɗai, hankali kwance. Ranar farko za ka ɗago bayan daƙiƙa goma, jikinka na gaya maka ƙarya cewa za ka mutu. Zuwa kwana na huɗu ko na biyar zai saba. Na san ruwa tsada gare shi a garin nan, amma daro guda zai yi muku ku biyu, a kuma yi wanki da shi bayan an gama. Daga nan ku koyi abu na biyu: a bar ruwa kaɗan ya shiga tiyon da gangan, a busa shi waje da ƙarfi kamar mai cewa “tu”, sannan a ja numfashi na gaba a hankali, harshe a ɗage yana tare ɗigon da ya rage. In busawar ta gagara, babu laifi, a ɗago kai, a cire, a zubar, a mayar.

In kun isa can, kusan kowane otel na da wurin wanka ko gaɓa marar zurfi. Ku ari kayan kwana guda kafin ranar, ku gwada a ruwan da ya tsaya muku a ƙugu. Gwajin tabarau shi ne ka ɗora shi a fuska ba tare da ka sa igiyarsa ba, ka ɗan ja iska ta hanci. In ya manne bai faɗo ba, naka ne. Gashin baki na sa ruwa ya riƙa tsiyayowa, don haka ka rage wanda ke dab da ƙasan hanci, gemu kuwa babu ruwansa. Kada ka matse igiyar da ƙarfi, matsewa na ƙara yoyo. Don kada gilashin ya yi hazo, a shafa masa yawu ta ciki a ɗauraye, haka duk masu aikin ke yi. Akwai wani sabon samfuri mai rufe fuska gaba ɗaya, wanda ake numfashi ta hanci a cikinsa. Yana da daɗi ga sabon shiga, amma ni ba na ba da shi, domin na arha ba sa fitar da tsohuwar iska yadda ya kamata, kuma in mutum ya ruɗe cire shi na da wuya.

Watan da za ku je mai kyau ne. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas ke kaɗawa, kaskazi. Daga wajen Afrilu zuwa Satumba ta kudu ce, kusi, ta fi ƙarfi, teku ta fi tashi. Babbar daminarsu, masika, daga Maris zuwa Mayu take. Nuwamba na tsakanin iskokin biyu, ana ɗan yayyafin da suke kira vuli, amma ruwa yakan kwanta, ga ɗumi. Fitar safe ta fi, kafin iska ta taso. Ka kula da agogonsu: Waswahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, in matuƙi ya ce maka “saa mbili”, awa biyu, ƙarfe takwas na safe yake nufi. Sannan suna gabanmu da awa biyu.

Ku ci abu marar nauyi, ku sha ruwa sosai. Wanda mota ke sa wa jiri a hanyar Zinder zuwa Yamai, teku ma za ta sa masa, ya sha maganinsa tun kafin a tashi, ya zauna a tsakiyar jirgi yana kallon nesa. Kada ka ce baƙar fata rana ba ta ƙona ta. Mu da muka saba da zafin Afrilu rufe jiki muke yi, a can kuwa ƙeya da bayan ƙafa awa guda suke a shanye, ruwa na sanyaya su ba ka ji, sai dare ya yi. Riga mai dogon hannu ta fi man shafawa, ta kuma fi wa murjanin alheri. Takardu kuma, katin rigakafin cutar shawara dole ne, bizar Tanzaniya ka neme ta tun da wuri, kuma tun Oktoban 2024 Zanzibar na wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta dalar Amurka 44.

Yadda za ka gane jagoran kirki

Tun da masu taron ne suka tsara, mai yiwuwa ba kai za ka zaɓi kamfani ba, amma kana da ikon tambaya, kana da ikon cewa ka fasa. Ka tambayi mutum nawa ne a jirgin, jagora nawa ne zai shiga ruwa tare da ku. Kalmar “tare” ita ce muhimmiya, don akwai masu kai mutane su ce “ga wurin nan, ku sauka”, su zauna a jirgi suna danna waya. Ga wanda bai iya ruwa ba, ina son jagora guda ga mutum biyu zuwa huɗu, da taya mai igiya a hannunsa. Ka duba jile da idonka: maɗaurinsa na kamawa? Akwai daidai jikin maiɗakinka? Wanda ya yi yawa yakan taso ya rufe fuska. Akwai tsani na hawowa? Akwai akwatin taimakon farko? Jagoran kirki zai tsaya ya yi bayani kafin a shiga, ya ƙirga kawuna kafin a tashi, ya sake ƙirgawa kafin a dawo.

Akwai abubuwan da in ka gani ka san an fi son kuɗinka da lafiyarka. Na taɓa yin sati biyu da wani mai jirgi na bar shi, saboda yana loda mutum ashirin a jirgin goma sha biyu, yana jefa anga a kan murjani mai rai, yana watsa wa kifaye burodi don baƙi su ɗauki hoto. Mafi muni shi ne tseren bin dolfin, wasu dabbobin teku masu kama da manyan kifaye da Waswahili ke kira pomboo: jirage su yi ta bin su da gudu, a ce wa mutane “ku faɗa, ku faɗa” a ruwa mai zurfi, injina na kewaye. In aka zo wannan, ku yi zamanku a jirgi ku kalla daga sama. Ba wurin sabon shiga ba ne, kuma dabbobin ma wahala suke sha.

In da za a ba ka zaɓi, ga yadda nake ganin wuraren. Mnemba ruwanta garau ne, kifi da yawa, amma akwai cunkoso, wani lokaci da ja, kuma ba a sauka a tsibirin kansa don masauki ne na masu shi, daga jirgi ake shiga ruwa. Tsibirin Chumbe, kudu da Stone Town, wato tsohon birnin Zanzibar, an killace shi tun 1994, ana ƙayyade yawan baƙin da ke zuwa a rana, jagororinsu sun saba da kai ƴan makaranta waɗanda ba su iya ruwa ba. Ya fi tsada, amma ga irinku shi na fi so.

Maganar sutura

Ka kwantar da hankalin maiɗakinka, Zanzibar garin Musulmi ne, za ta ji kiran salla kamar tana gida. A garin Nungwi da ke arewacin tsibirin ma akwai wata ƙungiya, Panje Project, da ke koya wa mata da ƴan mata iyo cikin kayan da suka rufe jiki duka, don haka ganin mace a rufe cikin ruwa ba sabon abu ba ne gare su. Abin da za ta sa shi ne dogon wando mai kama ƙafa, riga mai dogon hannu da ta sauko cinya, da ɗan ƙaramin hijabi mai kama kai, duka na yadi marar shan ruwa, mai duhun launi. Abin da ba za ta shiga ruwa da shi ba shi ne zani, ko doguwar riga mai faɗi, ko babban hijabi. Suna shan ruwa su yi nauyi, suna naɗe ƙafa, suna tasowa su rufe bakin bututu. Babban hijabin ta bar shi a jirgi, tana fitowa ka miƙa mata. Gefen tabarau kuma ya zauna a kan fata, in ya hau kan yadi zai yi yoyo.

Abin da ya kamata ka sani tun yanzu shi ne jirgin haɗaka akwai Turawa cikin irin tasu shigar. In hakan zai dame ku, ku haɗa kai da wasu abokan taron masu irin ra'ayinku ku ɗauki jirgi naku, ku kuma tambaya ko akwai jagora mace. In babu, ita ta riƙe taya, kai ka riƙe gefe guda, jagora na jan igiya daga gaba, babu buƙatar ya taɓa ta sai in ceto ya kama. Hukuncin abin da ya wuce nan na malamai ne, ka tambaye su. Alwala dai ba matsala, hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ya ce teku ruwanta mai tsarkakewa ne, kuma fitar safe akan dawo kafin azahar ta wuce.

In ranar ta zo ka ga teku ta tashi, ko ɗayanku ya kwana da zazzaɓi, ko jilen da aka kawo bai yi maka ba, ku shiga jirgin ku zauna, ko ku fasa gaba ɗaya, ko da an riga an biya. In kuma komai ya daidaita, ku sauka ta tsani, ba da tsalle ba. Ku riƙe taya, ku yi minti guda kai a sama har numfashi ya dawo daidai, sannan a sa fuska. Ina da tabarau biyu da bututunsu da na dawo da su, suna nan a gida. Ka aiko a karɓa muku, ku yi gwajin daron da kayan gaske maimakon tiyo, in kun dawo ka maido mani.